Izinin Laccar Nariya

Ku da kuka same ni yau a garejin nan ina muku faɗa a kan giya da birki, ku sani a zamanina daga Rano har Kibiya ba a haifi direban da ya kama ƙafata ba. Na taɓa haye rafi da damina ruwa na taɓa kujera, kifi na leƙo ni ta taga, ban kashe mota ba. Ga kuma boko. Duk tashar Rano an san Ɗanlami Direba da jarida a hammata. In na buɗe ta mutane sai su kewaye ni su ji labarin duniya. Abin da ba su sani ba shi ne, labarin a rediyon wani ɗan tireda nake jin sa da safe, in zo in riƙe jarida in maimaita. Lamba na sani, hatimi na sani, amma baƙi ko ɗaya ban iya haɗawa ba. Wannan ne ya sa ranar kasuwar Nariya ta ƙi fita daga raina har yau.

Shekarar da ta gabaci 'yancin kai ce, bayan kaka. Ina tuƙa motar jam'iyyarmu, wata Landiroba mai lasifika a ka. Shugaban jam'iyyar a ƙasarmu Malam Habu Tela ne, mutumin Kibiya, siriri, mai riga ɗaya fara da yake wankewa da kansa. Talakawa sun ɗauke shi kamar ruwan sha. In mun shiga ƙauye mata har guɗa suke yi daga bayan danga. Almajirin Ƙur'ani ne sosai, yana rubuta ajami kamar ruwa, amma bai yi boko ba, kuma shi bai taɓa ɓoye haka ba.

Matsalarsa ba abokan hamayya ba ne, 'yan kwamitinsa ne. Mafi yawansu masu sayen gyaɗa ne, babbansu Alhaji Bawa, wanda shi ya saya wa jam'iyya motar da nake tuƙawa. Malam Habu kuwa duk inda ya hau tebur sai ya yi maganar sikelin gyaɗa, yadda manomi zai kawo buhu cikakke a ce masa ya gaza. Bai ware sikelin kowa ba. Rannan ina zaune a bakin zauren da suke taro na ji Alhaji Bawa yana cewa, "Malam, da motata kake zuwa kana zagin sikelina?"

Malam ya ce, "Alhaji, gyara sikelin, sai in riƙa yabonsa da motarka."

Malam Inuwa, sakataren jam'iyya, tsohon akawu mai magana a hankali, ya ce, "Shugaba, jam'iyya fa ba kasuwa ba ce. Masu tafin nan ba su ke zuba mai a mota ba."

"Su ne dai masu ƙuri'a," in ji Malam.

Saura wata guda a miƙa sunan ɗan takara. Kowa ya san in aka tara wakilan ƙauyuka Malam Habu za su ɗaga wa hannu, kwamiti kuwa Alhaji Bawa yake so.

Bari in yi wa yaran yanzu bayanin yadda ake lacca a lokacin. Ba ka isa ka tara mutane ka yi maganar siyasa ba sai da takardar izini daga hukuma. Sakatare ne ke rubuta nema, a buga izinin da tafireta, a sa rana, a sa sunan gari, a danna hatimi. In ka yi lacca a garin da ba shi aka rubuta ba, daidai yake da ba ka da izini: 'yan doka su kama ka, alƙali ya ɗaure ka. Aikin direba shi ne ya karɓi takardar daga sakatare ya riƙe ta, don in an tambaya a nuna.

Da safen ranar da za mu yi lacca a kasuwar Nariya, Malam Inuwa ya miƙo mini ambulan a ƙofar ofis. Ya ce, "Ga izinin Nariya. Yau mu ba za mu samu zuwa ba, muna da baƙi daga Kano." Na soke ta a naɗin hulata, na je Kibiya na ɗauki Malam.

Mun wuce Durba kaɗan ya ce in tsaya a gindin wata ɗorawa. Ya ce, "Ɗanlami, zuciyata ba ta kwanta da mutanen nan ba. Ba su taɓa barina na tafi ni kaɗai ba. Kai Allah ya ba ka boko, karanta mini takardar nan."

Jama'a, a nan ne ya kamata ƙasa ta tsage in shige. Kalma uku kawai ake nema daga bakina: ban iya ba. Akwai malamin makaranta a Durba, tafiyar minti biyar baya. Amma shekara huɗu ina cika baki a gaban mutumin nan. Na buɗe takarda, na ga lambar ranar daidai, na ga hatimi ja. Na yi gyaran murya na ce, "An ba jam'iyya izinin yin lacca a kasuwar Nariya, yau, daga azahar zuwa la'asar." Har da bin layi da yatsa.

Ya ce, "Alhamdu lillahi. Allah ya yafe mini zato. Mu je."

Ban taɓa ganin taro irin na ranar ba. In na ce muku har kan kuka mutane suka hau, wannan karon ba ƙari na yi ba. Malam ya hau kan mota ya yi sallama, ya fara kenan a kan sikeli, sai ga sajan ɗin 'yan doka da mutum shida, kamar daman a bayan rumfa suke jira. Ya ce, "Ina izini?" Na zaro ta daga hula da fankama na miƙa. Ya duba, ya ɗago kai.

"Wannan ai na garin Madachi ne, ba Nariya ba."

Malam Habu ya juyo ya dube ni. Mutane suka fara zare sanduna daga rumfuna, Fulanin da suka kawo shanu suka matso. Malam ya karɓi lasifika ya ce, "Duk mai ƙaunata ya ajiye sanda. Kada a zubar da jinin kowa a kaina." Ya sauko da kansa ya miƙa hannu aka sa masa ankwa. Na tuƙo mota ni kaɗai zuwa Rano, lasifika na kaɗawa a kaina.

A gaban alƙali Malam Inuwa ya zo cikin farar riga ya ce shi Madachi ya nema, Madachi aka ba shi, Madachi ya faɗa wa direba. Ya ƙara da cewa ai ko ya yi tuntuɓen harshe, direban ya iya karatu, duk Rano ta shaida. Alƙali ya dube ni ya ce, "Kai, ka iya karatun boko?"

Zauren cike yake da 'yan tasha, mutanen da nake karanta wa jarida. Da na ce a'a, da an gane an ba makaho takarda ne, wataƙila da tara kawai za a ci Malam. Na ji bakina ya ce, "Na iya, Allah ya gafarta malam."

Shi ke nan, aka ce shugaba ya san abin da ke ciki ya take doka da gangan. Aka tambaye shi ko yana da magana, ya ce babu. Bai ambaci gindin ɗorawa ba. Aka yanke masa wata shida da aiki mai tsanani.

Kwana goma bayan nan kwamiti ya zauna ya ce jam'iyya ba za ta jira ɗaurarre ba. Aka miƙa sunan Alhaji Bawa, ni na riƙa yawo da shi ƙauyuka, yana magana mutane na ci gaba da cinikinsu. Ya faɗi zaɓe warwas, amma ba wanda ya sake taɓa zancen sikeli. Malam Habu ya fito da tari a ƙirji, ya tarar iyalinsa sun sayar da keken ɗinki sun ci abinci. Na je gaishe shi sau ɗaya, na durƙusa na fara kame-kame, ya ce, "Tashi, Ɗanlami, ya mutanen gida?" Damina biyu ya ƙara a duniya.

A shekarar da ya rasu na shiga ajin yaƙi da jahilci, ina zaune da gemuna ina a, ba, ca. Da hannuna na rubuta wannan. Abin da nake so ku riƙe, ku direbobi, shi ne manya sun san mu fiye da yadda muke zato. Muna gaba muna ganin hanya, su suna baya suna ganin ƙeyarmu. In an miƙo muku abin da ba ku gane ba, ku ce ba ku gane ba. Kunyar minti ɗaya ce.

Bayan sojoji sun rufe siyasa na haɗu da Malam Inuwa a wajen wani suna a Rano, ya tsufa, yana jan carbi. Na ja shi gefe, don in ɗan wanke kaina, na ce, "Ko ba komai, Malam, kun san ni ba ku isa ku saye ni ba, shi ya sa kuka bi ta bayan gida."

Ya yi dariya har da tari. Ya ce, "Ai na kawo shawarar a ba ka fam biyar. Alhaji ne ya ce kada a yi asarar kuɗi, Ɗanlami kyauta zai yi."