Jan Farcen da Ba Nawa Ba

Har gobe idan na bi ta layin teloli a unguwar Briqueterie na ji ƙanshin man keken ɗinki, wata Litinin ta cikin damina ce ke faɗo mini a rai. Ku da kuka shigo aikin ɗamara bayanmu, ku saurara, don labarin nan ni ya fi kayarwa.

A lokacin ina ajidan, muƙamin da ke sama da saje, ni ne mai kula da ma'ajiyar makamai ta barikinmu. Aikina a fili yake. Kowace bindiga da lambarta, kowa ya sa hannu ya karɓa, ya sa hannu ya mayar. Masu rakiyar manya kuwa an yarje musu su kwana da fistol ɗinsu a gida, sai ƙarshen wata su kawo in duba. Doka ɗaya ce ba ta da sassauci: in wani abu ya kwance a jikin bindiga, ba mai taɓa shi sai ni. Wanda ya taɓa, rapo ne, wato takardar ƙara, da gadirum, wani lokaci har da cire igiyar muƙami.

Ina da dabarata. Duk noti da duk saiti, wato ɗan ƙarfen nan da ake auna hari da shi, nakan ja masa siririn layi na jan farce, daga jikinsa zuwa jikin bindigar. In ya motsa ko da kaɗan ne, layin zai karye. Kala ɗaya nake saye, ruwan goro, wajen wata mata a kasuwar Mokolo. Kullum sai ta tsokane ni: "Baba, yau ma na amarya ne?" Ni kuwa ina tafiya ina bugun ƙirji cewa a barikinmu ba mai taɓa bindiga ban sani ba.

Ranar nan ana duba makamai, saboda Laraba za a yi gwajin harbi na masu neman igiyar saje. Kaftin na tsaye a bayana. Kofur Hamadu ya miƙo tasa. Mutumin Garwa ne, mai natsuwa, maƙwabcina a unguwa, shi ke rakiyar wani babban jami'i daga unguwar Tsinga zuwa ofis. Shekara uku yana jiran wannan gwaji. Na cire gidan harsashi, na ja kanta baya na tabbatar ba komai a ciki, kamar yadda aka saba. Kafin idona ya gani, hancina ya gaya mini. Man keke! Ubana gyaran keken ɗinki ya yi har ya rasu, ba wanda zai ruɗe ni da wannan ƙanshi. Na dubi saitin baya. Layin yana nan bai karye ba, amma ja ne wur, kamar tumatir.

Kaftin ya ce, "Ajidan, lafiya?"

Na ce, "Mon kapiten, wannan za ta kwana a wurina. Gobe zan ba ka amsa."

Hamadu ya ƙame yana kallon bango, gumi na bin wuyansa.

Bayan la'asar na je gidansa. Matarsa Asabe tana kan keke a tsakar gida, tana ganina ta tsaya cak, ta gaishe ni ta shige ɗaki. Muka zauna a kan benci. Ban tsaya kwana-kwana ba, na ce, "Hamadu, jan farcen wa ka ara?"

Ya sunkuyar da kai. "Na ƙanwar Asabe ne, Baba Ajidan."

"Ko kalar ma ba ka iya zaɓa ba! Me ya samu saitin?"

Ya ce mako uku ke nan yana rawa, in ya taɓa shi da yatsa sai ya zame gefe. Shi ne ya rufe ƙofa, ya yanko ɗan gwangwanin tumatir ya cusa a gindin saitin, ya bi da gam, ya shafa man keken matarsa, ya sake jan layi. Raina ya ɓaci ƙwarai. Na ce, "Kai yanzu da wannan kake ratsa Mokolo kullum? In ta kama ka yi harbi a cikin wancan cunkoso, wa za ka samu? Ɓarawo ko mai sayar da ayaba? Tsakanin gidanka da nawa ko minti biyar babu. Me ya hana ka kawo mini?"

Ya ɗago. "In faɗi gaskiya, Baba?"

"Faɗi mana."

"Kai ka hana ni. Bara da Kofur Isa ya kawo maka tasa mariƙinta ya tsage, a gaban kowa ka wanke shi tas, ka rubuta shi. Shekara guda ya rasa a ƙarin girma. Tun ranar ba mai son ya zo tagarka da matsala."

Wallahi na buɗe baki in yi masa tsawa, sai na fasa. Isa dai ni na rubuta shi, kuma har ranar ina ganin na kyauta.

Da safe na kai shi filin harbi, na roƙi Kaftin ya biyo mu. Ni da hannuna na harba, kuma kun san ba na kuskure a wannan tazara. Harsashin farko ya bar allon gaba ɗaya, ya tashi ƙasa kamu biyu hagu. Na biyu haka. A na uku saitin ya yi tsalle ya faɗa cikin ciyawa, ɗan gwangwanin na biye da shi. Hamadu ya dafe kai yana salati.

Nan take na miƙa wa Kaftin rapon da na kwana ina rubutawa. Ban ɓoye komai ba, don sa hannuna ba ya hawa kan ƙarya. Shafi na farko laifin Hamadu ne. Shafi na biyu nawa ne, da abin da nake nema: daga yau, duk wanda ya kawo matsalar bindigarsa da ƙafarsa, ba takarda, ba tsawa. Kaftin ya karanta sau biyu, ya ce, "Kanka ka kawo ƙara, Ajidan?"

Na ce, "Eh, mon kapiten. Shi ya cusa gwangwanin, amma ni na rufe masa ƙofa."

Ya yanke wa Hamadu kwana takwas a tsare, amma ya ce sai bayan gwaji zai fara. Ranar Laraba na ba shi wata fistol da na duba da kaina. Ya ci, ya yi kwanakinsa takwas, ya fito ya ɗaura igiyarsa.

An karanta sabuwar dokar a fareti ranar Alhamis. Juma'a da safe na zo buɗe ma'ajiya, na tarar da mutum bakwai a layi, kowa yana sosa ƙeya. Na karɓa ɗaya bayan ɗaya, bakina a rufe kamar yadda na yi alkawari. Uku daga cikin bindigogin nan suna ɗauke da jan farcen da ba nawa ba. Ɗaya ma ruwan hoda ne. Duka ukun sun wuce ta hannuna a watan da ya gabata, na duba, na sa hannu.

Don haka ku masu riƙe da makulli yanzu, ku ja layinku a kan kowane noti, yana da amfani. Amma ku sani ƙarfe kawai yake tsarewa. Ƙarfe dole wata rana ya kwance, kuma ranar da ya kwance, mai shi zai tsaya ya auna: fuskarka ko gwangwanin tumatir. Ni shekara da shekaru gwangwanin ake zaɓa, ina zaune a bayan taga ina cewa ba mai taɓa bindiga ban sani ba.