Baffa Ya Tafi Kafin Gawo Ya Zubar da Ganye

Ina ofis a Bauchi da hantsi, ina gyara labarin wani, sai wayata ta yi ƙara. Hajara ce, 'yar Baffa ta fari. Ba ta tsaya gaisuwa ba. Ta ce, "Yaya, Baffa ya cika." Na yi salati, na ture takardun da ke gabana, na nufi tasha. Kafin motarmu ta shiga Azare an riga an kai shi makwancinsa. Abin da na tarar shi ne tabarmi a ƙofar gida, da dattawa a jere, da zauren nan nasa an share shi fes.

Baffa, wato Malam Usmanu, yayan mahaifina ne, shi ya riƙe ni bayan rasuwar babanmu. Ya yi aikin gandun daji a ƙasar Katagum har ya yi ritaya, ya fito da keke ɗaya da gona ɗaya a hanyar Gadau. Bai yi karatun boko mai zurfi ba. Na yi hira da masana da yawa a aikina, amma ban gamu da wanda ya san lokutan itatuwa kamarsa ba. Ya san makon da ɗorawa ke fure, da lokacin da kanya ke nuna, da watan da tsamiya ke sake ganye. In ka tambaye shi yaushe aka haifi wane, sai ya ce, "Ana kaɗa kanya."

A cikin itatuwa duka, gawo ya fi shiga ransa. Gawo yana da wata ɗabi'a da ta saɓa wa sauran. Da rani, lokacin da daji ya bushe, shi yake kore shar, yana ba dabbobi inuwa da 'ya'ya. Da damina ta matso sai ya zubar da ganyensa, ya tsaya tsirara, rana ta sauka a kan geron da aka shuka a gindinsa, ganyen da ya zuba kuma ya zama taki. Baffa yakan ce, "Duk gonar da ka ga gawo a ciki, mai ita yana da ɗan ƙwadago da ba ya cin tuwo."

Wata rana, shekarun baya, ya tsayar da ni a bakin gonarsa ya ce, "Kai ɗan jarida, kun ce kuna da ido. Duba gonakin nan, ka nuna mini gawo ɗaya da bai girme ka ba." Na duba gabas, na duba yamma. Duk tsofaffi ne. Babu ƙarami ko ɗaya.

Ya bayyana mini dalili. Ƙwayar gawo tana da tauri ƙwarai, da wuya ta tsira sai ta bi ta cikin akuya ko tunkiya ko saniya, ta fito a cikin kashi. A da, makiyaya kan sauka a gonaki bayan girbi, dabbobi su ci 'ya'yan gawo a nan, su zubar da irin a nan. Yanzu tun 'ya'yan ba su gama faɗowa ba ake kaɗe su da gora, a ɗura a buhu, a kawo kasuwar Azare don masu kiwon raguna a gida. Rago ya ci a turke, a share kashin a kai bola. Irin da ya kamata ya faɗi a gona sai ya ƙare a bayan gari.

Daga wannan shekarar Baffa ya fara abin da ya sa wasu suka ɗauka tsufa ya taɓa shi. Yakan bi gida-gida da buhu a bayan keke, ya yi sallama, ya ce, "Hajiya, me kike ba ragon nan?" In aka ce dusa da harawa, ya yi godiya ya wuce. In aka ce 'ya'yan gawo, sai ya roƙi a tara masa sharar turken. Ya shanya, ya ɗura, ya jera a zaure.

Amininsa Alhaji Modu, wanda iyayensa suka zo daga Borno, bai taɓa barinsa ya huta ba. Wasan Fulani da Barebari ne tsakaninsu tun suna samari. Yakan ɗaga murya daga shagonsa, "Malam! Mutane na ritaya su tafi Makka, kai ka yi ritaya ka shiga turken tumaki!"

Baffa ya ce, "Ai ragonka ya fi ka amfani, Modu. Shi in ya ci yana barin wani abu a baya."

"To ka zo da tsintsiyarka, ba zan ara maka tawa ba."

"Da ma yaushe Babarbare ya san inda tsintsiya take?"

Ana dariya, amma aikin bai yi nasara ba, kuma wannan ne ya ci shi a shekarunsa na ƙarshe. Tun kakanni, alamar damina ita ce: in gawo ya fara zubar da ganye, ruwa ya kusa, kuma in ya sauka zai zauna. Shekara biyu da suka wuce ya bi wannan alamar. Ganye ya zuba, ruwan fari ya sauka, ya watsa takinsa a gona, tsiro ya fito har yana ƙirga su da yatsa. Sai sama ta ɗauke makonni. Duk suka ƙone. Bara ya ƙi yarda da ruwan fari, ya jira. Da ruwan ya zo sai ya zo gaba ɗaya kamar da fushi, ya kwashe takin da irin ya zuba a kwari. Na je masa jaje. Yana zaune a gindin ɗaya daga cikin gawo uku da suka rage masa, wanda rabinsa ya riga ya bushe. Ya ce mini, "Da ni da gawo, mun daina gane sama."

Na karanta rahotanni da yawa a kan canjin yanayi, na rubuta wasu. Babu wanda ya tsorata ni kamar wannan maganar.

Duk da haka bana ma ya tara. Ya fi kowace shekara tarawa, don ya ce 'ya'yan da tsofaffin itatuwan ke yi suna raguwa, kuma masu gawayi suna zagayen sauran. Wata guda kafin rasuwarsa ya kira ni, muryarsa da ƙarfi. Ya ce ya lura da wata alama dabam, wadda yake ganin ba za ta yaudare shi ba. Na ce ya faɗa mini in rubuta. Ya ce, "Ba abin faɗa a waya ba ne. Ka zo mu je gona in nuna maka." Na ce sai ƙarshen mako. Ƙarshen mako huɗu suka wuce. Ba ni da uzurin da zan iya rubutawa a nan ba tare da kunya ba.

A rana ta biyu ta zaman makoki hankalina ya kai ga zauren. Na shiga cikin gida na durƙusa gaban Inna, matarsa, na ce, "Inna, ina buhunan Baffa?"

Ta ce, "Waɗanne? Kashin awakin nan? Ai na sa mai kura ya kwashe tun jiya da safe. Manyan mutane za su zo gaisuwa su zauna cikin wari?"

Ban ga laifinta ba, har yanzu ban gani ba. Abin da kowace matar kirki za ta yi ke nan in an yi mata rasuwa. Ta dubi fuskata, sai ta gane. Ta dafe kai ta ce, "Wayyo, Malam zai ce na zubar masa da 'ya'ya."

Na fita ta ƙofar baya zuwa bola. An zazzage buhunan, an tafi da su. Wani mai lambu ya riga ya ɗebi mafi yawan takin, kuma duk abin da ya tsira a lambunsa za a cire shi a matsayin ciyawa. Gefe ɗaya wuta ta ci. Na durƙusa na fara tattara abin da ya rage da hannu. Sai na ji mutum ya tsuguna kusa da ni. Alhaji Modu ne, da babbar rigarsa ta zuwa ta'aziyya, ya naɗe hannu yana tsince leda daga cikin takin. Hawaye na bin gemunsa. Ya ce, "Shekara nawa ina yi masa tsiya a kan abin nan, ga shi ya tafi ya bar ni a ciki." Da na ce zan rubuta wannan a jarida, ya ce, "Rubuta. Amma ka ce hannu ɗaya na sa."

Buhu ɗaya da rabi muka samu.

Jiya na je gonar. Gawo ukun sun fara zubar da ganye, gabas kuma ta fara haɗa hadari da la'asar. Na zagaya ina duban itatuwa, da tururuwa, da tsuntsaye, da ƙasa, ina neman abin da ya gani. Ban san me nake nema ba. In na watsa yanzu, ina iya maimaita asarar shekara biyu da suka wuce. In na jira, ina iya maimaita ta bara. Ba ni kuma da tabbacin itatuwan nan za su kai baɗi a tsaye.

Don haka nake roƙo a fili. In akwai dattijo a Gamawa, ko Dagauda, ko Gadau, manomi ko makiyayi, da ya taɓa zama da Malam Usmanu ya ji wannan magana daga bakinsa, ko shi da kansa ya lura da wani abu, ya taimaka ya aiko gidan Baffa a Azare a sanar da mu kafin ruwa ya sauka. In ba a samu ba, ni da Hajara mun yanke za mu raba irin kashi uku, mu watsa a lokuta uku, mu kewaye da ƙaya. Dabarar wanda bai sani ba ce, amma ita ke hannunmu.

Allah ya jiƙan Baffa, ya gafarta masa kurakuransa, ya yalwata kabarinsa, ya sa duk dabbar da ta ci daga abin da ya shuka ta zama sadaka a mizaninsa. Allah ya ba Inna haƙuri, ya cire mata nauyin abin da ba ta yi da gangan ba. Allah ya raya Hajara da ƙannenta a kan tafarkinsa, ya yafe mini jinkirina. Ya Ubangiji, kai ke riƙe da sama. Ka saukar mana da ruwa a lokacinsa, kuma in ya sauka, ka sa ya zauna. Amin.