Kyamarar Yaya da Kunnen Inna

Kwanan baya ɗan yayana ya zo gaishe ni da wata baƙar kyamara rataye a wuya, irin ta yanzu wadda ba ta cin fim. Tun bai zauna ba ya fara jera mani darajarta, wai ba ta masu sana'a ba ce, ba kuma ta 'yan koyo ba, tsaka-tsaki ce, ta masu sha'awa. Na ce masa ya zauna ya sha ruwa, wannan ciwon na san shi, gado ya yi. Ubansa ne mutum na farko da na gani ya mallaki kyamara ba don ya ci abinci da ita ba, sai don ya hana bayin Allah sakat.

A farkon mulkin farar hula na jamhuriya ta biyu ne, lokacin da kowane ƙaramin ma'aikaci ke jin kansa attajiri. Yaya yana sashen gona na ƙaramar hukuma a Boɗinga, ni kuma ina aure a garin, ina koyarwa a firamare. Wani abokinsa ya je aikin Hajji ya sayo masa ita a Jidda. Wasu ana kawo masu darduma da dabino, shi ƙarfe aka kawo masa, mai nauyi kamar ɗan dutsen niƙa, da idanun gilashi kala-kala da ake kwancewa a ɗaura, da jaka, da ƙafa uku da ake girka ta a kai, da wani ɗan ƙyalle da ba a goge komai da shi sai gilashinta.

Duk wanda tsautsayi ya sa ya ce, "Kai, wannan kyamara da kyau take," to ya gama aikin ranar. Yaya zai zaunar da shi ya yi masa bayanin madubin da ke ciki, wanda ke sa abin da idonka ya gani ta ɗan ramin baya shi ne daidai abin da zai hau fim. Zai yi masa bayanin wata 'yar allura da ke rawa a ciki, wadda sai ta tsaya tsakiya ake dannawa. Ni dai abin da na sani, kafin allurar nan ta tsaya, murmushin amarya ya bushe, jariri ya fara tsala ihu, tsofaffi sun tafi alwala.

Kuma ba mutane suka dame shi ba. Fim nawa ya ƙarar a kan tarin albasa, da idon jaki, da ƙadangare a bango, da wata kuka a hanyar Dingyaɗi da ya yi ta zarya wurinta sai ka ce neman aurenta yake. In ya ga dama ya ɗauki mutane, sai ya ce, "Ku yi awa ba ni nan." Yaya za a yi mutum ya yi kamar ba ka nan, alhali ga ka tsaye a gabansa ka kifa ƙarfe a fuska ka kanne ido ɗaya?

Doka ɗaya ce a gidansa da ba ta da sassauci: ba mai taɓa kyamara. Matarsa ko jakar ba ta isa ta gusar ba in tana shara, sai dai ta kewaye.

Sai duniya ta juya. Aka shiga tsuke bakin aljihu, albashi ya koma sai an ga dama, sabulu da madara sai an bi layi. Fim ya ɓace daga shagunan Sakkwato. Yaya ya rage da guda ɗaya tak, mai kala. Ya ƙunshe shi a leda ya ajiye gindin randa don sanyi, yana leƙa shi safe da yamma. Ya ce ba zai sa shi ba sai babban dalili ya zo.

Dalilin ya zo ta kaina. Maigidana ma'aikacin gidan waya ne, aka yi masa canji zuwa Yola. A wancan halin, wanda ya tafi Yola bai san ranar da zai sake ganin gida ba. Inna kuwa, mahaifiyarmu, tana ƙauyenmu a bayan garin Shagari, ƙafafunta sun fara kumbura, tafiya sai da dafa bango. Ba a taɓa ɗaukar ta hoto ba. Mai hoton da ke zuwa ranar kasuwa kuwa, Inna ta ce ba ta zama gaban ƙaton da ba ta sani ba, ya cusa kai cikin baƙin zane yana leƙen ta. Ni kuma ba abin da nake so in tafi da shi irin fuskarta. Ni ce auta, na yi ta naci har da kuka, sai ta ce, "To, tunda ke ta, na yarda. Amma cikin gida."

A nan gizo ke saƙa. Yaya shi ne ɗan fari, Inna kuwa irin matan da ne masu tsananin kunyar ɗan fari. Tun da aka yaye shi aka kai shi wurin gwaggonmu a Sifawa, can ya tashi. Inna ba ta taɓa kama sunansa ba, "wancan" take ce masa. In ya zo gaisuwa ya durƙusa a bakin ƙofa, sai ta juya wa bango fuska ta amsa a taƙaice. Ba ƙi ba ne, kowa ya san haka. In ya tafi ni take ja gefe ta tambaye ni ko yana cin abinci, don ta ga ƙafarsa ta rame. Man shanun da ya fi kyau shi ake ajiye wa. Amma ta ɗaga ido ta dube shi, wannan ko a mafarki.

Shi ya sa tun a hanya, ina bayan babur ɗinsa, na ce, "Yaya, in mun isa ka daidaita abinka ka ba ni in danna. Ka san Inna ba ta dubin ka."

Ya ce, "Ke mi kinka sani ga kyamara? Wagga ba tukunya ba ta."

Na haɗiye. Na ce bari mu isa, ai mai hankali ne, har takardar shaidar ilimin gona gare shi.

Muka tarar Inna ta yi shiri tun safe. Ta ɗaura saƙin da ba ta fito da shi sai Sallah, ta sa lalle, ta zizara kwalli, har turare ta shafa don hoto. Aka shimfiɗa mata tabarma a inuwar bedi, wato dogon yaro. Yaya yana zaure yana harhaɗa ƙarafansa, ni da ita muna hira, tana yi mani tsiya wai in na je Yola zan dawo ina gaisuwa da Fillanci. Tana dariya, fuskar nan ta cika da haske. A raina na ce, wannan ce nake so, wannan ɗin nan.

Yaya ya yi sallama ya shigo da ƙafa uku a kafaɗa. Nan take fuskar Inna ta koma wajen rumbu.

Ya girka kayansa, ya leƙa, ya murɗa, ya jira allura. Ya ce, "Inna, dubo nan." Ba ta juyo ba. Ya ciccibi ƙafa ukun ya koma wajen rumbu, ta juya wajen turken awaki. Ya bi ta can, ta koma kallon ƙasa, ta kai hannu ta kare goshi. Haka ya yi ta kewaya tsohuwa, matan gida sun taru bayan zana suna ƙunshe dariya. Kuma duk juyin da ya yi sai na ji ƙaras, ya danna. Kowane ƙaras gutsuren fim ne ya tafi, fim ɗin da babu wani a bayansa.

Inna ta ce da ni, ba da shi ba, "Ki ce ma wancan shi yi abin da ya kawo shi, rana na yi."

Na ce, "Yaya, don Allah don Annabi ba ni. Nuna man inda za ni danna, kai ka koma zaure."

"Hannunki rawa shikai. Ɓata shi za ki yi."

"To ba ga ta bisa ƙahwa ukku ba? Ina ruwanta da hannuna?"

Ya ci gaba da murɗe-murɗensa. Kuma na san kyamarar nan tana da wani ɗan maɓalli da ake ja, ta jira kaɗan ta ɗauka da kanta. Da idona na ga ya yi amfani da shi ya ɗauki kansa jingine da babur, ya harɗe ƙafa kamar wani gwamna. Na ce to ya ja wannan ya fita, ni in tsaya bayan kyamara in kira ta. Ya ce hoton da mai shi bai gani da idonsa ba, ba hoto ba ne. Ku ji fa. Ga ilimi har ya yi yawa ya zube.

Da abin ya ƙi, sai ya ɓullo da dabara. Ya yi kamar ya haƙura, ya fita, ya ɗaura dogon idon nan da yake ɗaukar tsuntsaye da shi, ya zagaya bayan katanga ya hau turmi. Mutum da gemunsa, ma'aikacin hukuma, yana leƙen gidan ubansa ta kan katanga. Inna ta fara sakin jiki, ta ɗago za ta yi mani magana, sai rana ta haska gilashin. Ta gane. Ta ja mayafi ta rufe har haɓa, ta ce ita ba kurciya ba ce da za a yi mata kwanton ɓauna. Duk da haka na ji ƙaras daga bayan katanga, na sake jin wani.

Ya dawo ya ci gaba da zagaye har abin jan fim ya ƙi jawuwa, fim ya ƙare. Ya share gumi ya ce, "An samu, an samu. Cikin wanga duka ba a rasa guda." Inna ta dafa ni ta miƙe, ta ce in dama wa wancan fura kafin ya kama hanya. Na dama. Allah ya sani ban sa sukari ba.

Wankin fim mai kala sai an aika Kaduna, can ma aka ce maganin wanki ya yanke. Muka tafi Yola hannu rabbana. Soja suka karɓi mulki, abubuwa suka ƙara tsanani. Da damina Inna ta rasu. Kafin saƙo ya same ni, kafin in haɗa na mota, har an yi addu'ar bakwai an watse.

Na sauka gidan Yaya a Boɗinga. Bayan mun yi wa juna gaisuwa, ya shiga ɗaki ya fito da ambulan, ya ce hotuna sun dawo. Na matso kusa. Ya baza su a tabarma ɗaya bayan ɗaya.

Kunnen Inna. Ƙeyar Inna. Ɗaurin kallabi ta hagu, ɗaurin kallabi ta dama. Bayan hannu da lalle. Mayafi da kan katanga. Kunne kuma. Kuma wallahi sun fita tangaram, kana iya ƙirga zaren saƙin, kana ganin hujin kunnen da 'yar tsagar da ɗan kunne ya yi masa. Kyamara ta yi aikinta, ba ta da laifi. Babu fuska ko ɗaya.

Sai na ji ya fara cewa, "Kin ga yadda zaren ga ya hito? Wanga ido na Jidda..."

Ban bari ya ƙarasa ba. Duk ladabin ƙanwa na ajiye shi gefe. Na ce masa girman kai rawanin tsiya. Na ce ya ɗauki jaki ya fita da idonsa biyu, ya ɗauki ƙadangare har da murmushi, amma uwar da ta haife shi ya kawo mani kunne. Na ce da ya ba ni na ɗan lokacin da ake ƙifta ido, da yanzu ina da abin da zan nuna wa 'ya'yana. Na ce ya je ya rataya kunnen a falo, masu sha'awa su zo su yaba. Matarsa ta fito tana ba ni haƙuri, ban saurare ta ba. Na yi ta faɗa har muryata ta dushe, kuma har gobe ban janye ko kalma ɗaya ba.

Shi dai yana tattara hotunan yana daidaita gefensu. Da na yi shiru, ya ce, ba tare da ya ɗago ba, "In na ba ki, ke za ta duba. Ke kullum tana dubin ki. Ni cewa niy yi, in da gilashi tsakanina da ita, ƙila ta ɗago sau guda."

Haushina bai ragu ba, don dai ya ci nasa rabon ya haɗa da nawa, duka biyun sun zube. Can ya mayar da hotunan cikin ambulan, ya ajiye, ya ce, "Gwaggo ta taɓa ce man tana da wushirya. Gaskiya na?"

Na ce masa gaskiya ne, a sama, 'yar siririya.