Shekarar da Gyaɗar Kakata Ta Yi Ƙwaya

Jiya da la'asar wata yarinya ta shigo asibitin da nake aiki a Tambuwal da farantin dafaffiyar gyaɗa a ka. Na saya, na ɗauki ɗaya na matsa, sai ta yi ɓus a tsakanin yatsuna, ba kome a ciki. Holoƙo ce. Abokiyar aikina ta yi dariya ta ce, "An cuce ki," ni kuwa dariyar ta ƙi zuwa. Duk sanda na ji wannan ɗan sautin na ɓawon da ba ƙwaya, sai in ga kaina a ƙauyenmu, can ƙasar Kebbe, a ƙofar ɗakin kakata.

Ita ce ta haifi babana, kuma a ɗakinta na tashi tun da aka yaye ni. Daga wajen Jabo aka auro ta tana yarinya, ta haifi 'ya'ya, ta binne miji, amma har ta tsufa in magana ta tashi sai ka ji an ce ai baƙuwa ce. Sana'arta ƙuliƙuli da man gyaɗa. Hayaƙin murhu ya daɗe da jajanta mata idanu, ga shi ba ta da yawan magana, ba ta zama bakin rijiya a yi da wane da wance. Ni kaɗai take tsokana. Takan ce tsakanina da ɓeran ɗakin ba ta san wanda ya fi cinye mata jari ba, ni kuwa in ce ai ɓeran ba ya ɗebo mata ruwa.

Gonakin unguwarmu a kan jigawa suke, yashi zalla. Kakata tana da 'yar gayaunarta a tsakiyarsu, inda take shuka gyaɗa da ɗan wake a gefe. A shekarun da nake ba ku labari, wani abu ya addabi wannan jigawa. Damina za ta yi kyau, gyaɗa ta yi ganye kore shar har ka ji daɗin kallo, amma in an tuge aka zo ɓara, rabin kwando holoƙo ne. Wasu suka ce iri ne, wasu suka ce ruwa ne ya ɗauke da wuri. Wasu kuma suka fara rage murya idan za su yi zancen. Ɓawo lafiya lau, ba huda, ba tsutsa, to wa ya shiga ya cinye abin da ke ciki? A wurinmu an san abu ɗaya ne ke cin ciki ya bar jiki tsaye, kuma ba a son kiran sunansa.

Ana haka baffana, ƙanin babana da ke koyarwa a Tambuwal, ya zo hutu da ɗan guntun buhu a bayan babur. Wani farin gari ne, kamar alli da aka daka. Ya ce abokinsa malamin gona ne ya ba shi, sunansa jifsam, dutse ne da ake haƙowa a niƙa. Ya ce yashin jigawa ya rasa abin da gyaɗa ke bukata ta cika ɓawonta, sai a barbaɗa wannan a gindinta lokacin da ta yi fure, ruwan sama ya shigar da shi ƙasa. Babana ya dumbuza ya shinshina, ya ce shi bai taɓa jin an yi wa ƙasa magani da ƙasa ba, ya jingine buhun a zaure bayan galma. Babana mutumin kirki ne, Allah ya jiƙansa, amma abin da kakansa bai yi ba sai an sha fama da shi.

Kakata ce ta ɗauki buhun. Da gyaɗarta ta yi fure, ta fita da sassafe bayan sallah, kafin iska ta tashi ta kwashe garin, kuma kafin mutane su fito su yi wa tsohuwa dariya. Ban bi ta ba. Abin da nake tunawa shi ne dawowarta: hannuwanta fari fat har gwiwar hannu, zanenta ya jiƙe da raɓa, sawunta fari a kan daɓen ɗaki. Ba mu sani ba ashe wani maƙwabcinmu da zai tafi fadama ya hango ta. Ya ga tsohuwa ita kaɗai a tsakiyar gonakin mutane, tana watsa farin gari, bakinta yana motsi. Bakin kakata kullum yana motsi, tasbihi take yi ko tana tuƙa tuwo. Shi dai ya riƙe abin da ya gani, bai tambayi kowa ba.

Da lokacin cirar gyaɗa ya yi, gonakin da ke kewaye da ita suka ba da holoƙo kamar yadda suka saba. Tata kuwa kowane ɓawo cike, har da nauyi a hannu. Ban taɓa ganinta cikin murna irin ta ranar ba. Ta baza a tsakar gida, ta aika wa maƙwabta kwano-kwano. Wasu kwanukan suka dawo yadda suka tafi, ba a taɓa ba. Kafin mako ya zagayo magana ta gama unguwa: an ga lokacin da ta yi barbaɗe, ta janye ƙwayar gonakin mutane ta tara a tata. Wannan karon ba a rage murya ba, an ce mayya ce.

Sai ɗan maƙwabcin nan ya kwanta da zazzaɓi mai zafi, irin na ƙarshen damina. A cikin sambatu ya riƙa kiran kakata. Me zai hana ya kira ta, yaron da kullum sai ta danƙa masa ƙuliƙuli mai zafi a hannu? Amma a al'adarmu, in majinyaci ya kira sunan wadda ake zargi, to ta kama kurwarsa ke nan, kuma ba zai tashi ba sai ta zo ta tsallake shi. Da hantsi suka ɗauko shi a tabarma suka shimfiɗe a ƙofar gidanmu. Babana ya fito da sanda. Liman ya zo ya ce wannan zato ne, zato kuwa zunubi ne, ba wanda ya saurare shi. Uwar yaron ba ta zagi kowa ba, durƙusawa ta yi a ƙasa tana kuka tana roƙo.

Kakata ta fito ta dafa kafaɗar babana, ta ce ya ajiye sandar. Ta dubi yaron ta daɗe, sannan ta ce, ba da ƙarfi ba:

"In na ƙiya ɗan ga ya mutu, ku ce ni ta. In na tsallaka ya tashi, ku ce ni ta. To gara shi tashi."

Ta tattare zanenta, ta yi bismillah, ta tsallake shi. Ina tsaye a bakin zaure, kuma har yau ban ga abin da ya fi wannan ƙona mini rai ba.

Da yammacin ranar uban yaron ya ɗauke shi a babur zuwa asibitin Kebbe, aka yi masa allura, ya warke. Ba wanda ya sa allurar a lissafi. Abin da aka riƙe shi ne ta tsallaka, ya tashi. Baffana ya zo a fusace, ya ɗauki buhun da ba kome a ciki ya kai gaban mai gari, ya yi bayani dalla-dalla. Dattawa suka gyaɗa kai, har wasu suka bi shi waje suna tambayar inda ake samun garin. Amma ƙuliƙulin kakata ya riƙa kwana a faranti, mata suna janye 'ya'yansu in ta wuce, a gidan suna kuma ba a miƙa mata jariri. Kafin damina ta gaba ta ɗaure kayanta ta koma gidan ƙaninta a wajen Jabo. Ta ce da ni in zauna in yi karatu, zafin garin ne ba ta iyawa. Can ta rasu, ba ta ƙara shuka ko ƙwaya ɗaya ba.

Ɗakinta ya daɗe a rufe, ba wanda ya yarda ya shiga, har rufin ya rufta. Gayaunarta ta zama ciyawa, hanyar gona ma ta lanƙwasa ta kauce mata. Ni kuwa har na girma ina mafarkinta, kuma ba ta taɓa zuwa mini tana dariya ko tana suya ba. Kullum tsaye take a ƙofar gida, ƙafa ɗaya a ɗage, ba ta sauke ba.

Yanzu in ka bi ta jigawar nan lokacin furen gyaɗa, za ka ga gindin shuka fari a gonaki da yawa. Ana sayar da garin a kasuwa, samari suna barbaɗawa da tsakar rana suna jin rediyo a waya, holoƙo ya yi sauƙi. Na ɗauka da haka maganar ta mutu, tunda kowa ya yi da hannunsa abin da ta yi. Bara aka zo neman auren 'yata, dangin saurayin suka tura mutum ƙauyenmu ya binciki asali, kamar yadda ake yi. Ya tarar da wani dattijo yana dawowa daga gona, hannunsa ko wankewa bai yi ba daga barbaɗen. Dattijon ya yabe mu, ya ce gidan mutunci ne, ba a taɓa jin su da kowa ba. Har mai binciken ya hau babur, sai dattijon ya kira shi, ya matso kusa, ya ce amma dai a tambaya a ji labarin kakar uwar yarinyar.