Muryar Dada Daga Bayan Zaure

Dada, mahaifiyata, ba ta taɓa riƙe muƙami ba, ko na uwar adashi. Amma a shekarun da masu tayar da ƙayar baya suka koro mutane daga Borno da arewacin jiharmu suka cika Jimeta, ita ce ke cewa wa zai kwana a ina a layinmu na Jambutu, kuma ban taɓa ganin wanda ya tsallake maganarta ba.

Maza ne suka kafa kwamitin karɓar baƙi, suka ɗora mijin Addata, wato babbar yayata, wanda muke kira Hamma, a shugabanci. Zauren gidanmu ya fi na kowa faɗi, don haka a nan suke zama bayan la'asar. Sai dai Dada Bafulatanar cikin garin Yola ce ta asali, Hamma kuwa mijin 'yarta ta fari ne. Ba ta cin abinci a gabansa, ba ta kama sunansa, in suka haɗu a ƙofa kowa ya kau da kai a gaisa da ƙasa. Shiga zauren da yake ciki, wannan ko a mafarki.

Sai ta samo dabara. Takan ajiye kujerarta 'yar tsugunno a jikin bangon zauren ta cikin gida, da faifan wake a cinya, ni kuma ina gefenta. In maza suka ce a kai wata bazawara da 'ya'yanta gidan wane, sai ta ɗaga murya kamar da ni take: "Ke, gaya wa mutanen zaure gidan nan samari sun yi yawa. A kai ta wajen matar tela." Ban taɓa tashi na gaya musu ba. Sun ji, ta san sun ji. Can sai Hamma ya yi gyaran murya ya ce, "To, ni a ganina gidan tela ya fi." Wani dattijon Babarbare, malamin allo, wanda Hausarsa ba ta raba mace da namiji, yakan ƙara da cewa, "Ai Dada ya gama magana." Ni kuwa in toshe baki da mayafi don kada dariyata ta tsallaka bango.

Ta san wadda ke jin Margi da gidan da za a amsa mata da Margi. Ta san mai zuwa coci, ta haɗa ta da maƙwabtanmu masu zuwa coci. Ta san mai zafin rai, ta sa ta a gidan tsohuwar da ba ta ji sosai. Lokacin tsoro ne, ba na musu, ko buhu aka yar a kasuwa sai mutane su watse. Duk da haka ina kewar waɗannan yammacin, ƙamshin miyar kuka a babbar tukunya, yara na harsuna daban-daban suna faɗa a kan ƙanzo, da muryar Dada tana mulki da faifai a cinya.

Wata rana wasu ma'aikatan agaji biyu suka zo, mace da namiji, mutanen kirki. Za su taimaka da abinci da tabarmi, amma sai sun san yadda shugabancin yake. Matar ta tambayi Hamma mata nawa ne a kwamitin.

"Babu," in ji shi. "Amma akwai surukata."

"Wane muƙami gare ta?"

"Ba ta da shi."

"Tana zuwa taro?"

"Tana bayan bango."

Matar ta yi murmushi irin na tausayi. A lissafinta wannan babu ce, kuma ban ga laifinta ba, domin abin da aka turo ta ta ƙirga kujeru ne. Suka ce dole a sa mace a kwamitin, kuma a riƙa zama a wurin jama'a, ba a zauren wani ba, don kowa ya iya shiga.

Aka aika ni in roƙi Dada. Ta dube ni kamar na ce ta fita tsakar kasuwa ba ɗankwali. "In zauna gwiwa da gwiwa da mijin 'yata? Ke kam boko ya cinye miki kunya." Aka yi, aka yi, ta ƙi. Daga ƙarshe ido ya dawo kaina, tunda ina koyarwa a firamare, kuma ƙanwar mata abokiyar wasan miji ce, zan iya zama gaban Hamma har in ce masa ƙarya yake. Haka na zama mataimakiyar shugaba. Hamma ya ce an ba kura ajiyar nama, na ce gara kura da wanda bango ke yi wa tunani. Har hoto aka ɗauke mu, ina tsakiya.

Taro ya koma wani aji a wata makaranta a Bekaji, da benci da allo. Nakan hau keke mai ƙafa uku in je in dawo. Da farko ina ɗaukar maganar Dada in tafi da ita, amma maganar da aka ɗauko daga gida ba ta san abin da za a tayar a taro ba. In na ce a dakata in tambayo ta, sai a ce ai ga mace nan a zaune, me kuma ake jira. Malamin allon ya daina zuwa, ya ce ƙafarsa ba ta son keke.

Yanzu ina aiki a sakatariya, kuma ni ce mai tayar da jijiyar wuya in an raba kujeru ba mace. Ina so a ƙirga mu, kujera ba wasa ba ce, wadda na zauna a kai ita ta buɗe mini hanyar da nake kai yau. Amma duk sa'ad da matasan ofishinmu suka nuna mini zanen ƙididdiga mai hawa sama suna cewa mata sun ci gaba, sai raina ya ɗan sosu. Na san wata unguwa da lissafin ya tashi daga babu zuwa ɗaya a daidai lokacin da mace mafi iko a cikinta ta rasa inda za ta sa baki.

Kwamitin ya kafa doka cewa ba wanda za a sauke a wani gida sai taro ya amince, don kada a yi son kai wajen rabon kaya. Doka ce mai kyau, da ni aka yi ta. Wata ranar taro na dawo gab da magariba na tarar da wata mata a tsakar gidanmu, da goyo da yara biyu, ƙafafunsu duk sun tsattsage. Tun azahar suke nan. Dada ta ba su abinci da ruwan wanka, amma ƙullin kayansu na nan a ɗaure a bakin ƙofa. A da, kafin matar ta gama shan ruwa an san ɗakinta.

Na ji Dada tana ce mata, "Ga ta nan ta dawo. Ita ce mai kujera."

Ta ja ni gefe, ta rage murya, ita da ake jin ta ta cikin bango. Ta ce akwai ɗaki a gidan wata 'yar garin su matar a bayan masallaci, ta riga ta san za su shirya. Sannan ta kama bakin mayafina ta ce, "In kin koma taro, ki roƙa mini su."