Kyamarar Yaya Rabi Ba Ta Gulma

Shekara bakwai ke nan da aka kai Yaya Rabi makwancinta, Allah Ya jiƙanta, amma har yau ni da ita ba mu gama rigima ba. Wasu gwal ake bar musu gado, ni kuwa yayar tawa tsohuwar kyamara ta bar min, da sana'ar da ban roƙa ba.

Ita ce mai ɗaukar hoton bikin mata a unguwar Bani Harisa. Kowa ya san zauren mata a Madina: a bakin ƙofa ake karɓe wayoyi, sannan a tuɓe abaya, a saki gashi, a cashe. Yaya kaɗai ke shiga da kyamara, saboda ƙa'idarta guda ce. Tana gama ɗauka za ta zare katin hotunan ta danƙa wa uwar amarya a gaban kowa, ko ɗaya ba ta tafiya da shi gida.

To yanzu kyamarar nan ta ishe ni, wallahi ta ishe ni! Da salatif na ɗaure murfin batirinta. Ana tsakiyar shigo da amarya sai ta ɗauke wuta, in tsaya ina bubbuga ta kamar tsohuwar rediyo. Na kai ta wurin wani mai shago, Bahaushen Sudan a unguwar Ƙiblatain, ya juya ta ya ce, "Hajiya, halas, shi ke nan, wannan ta gama aiki. Ga sabuwa, kina dannawa hoton ya faɗa wayarki." Shi a ganinsa talla ya yi.

Na karɓi sabuwar na gwada a wani suna. Hoto kam tangaran, ba ƙarya. Sai bakina ya ja min, na yi alfaharin tana iya tura hoto waya. Hajiya Kaltume, kakar jaririn, ta ja mayafinta, kafin in juya duk zauren an rufe fuska. Na rantse musu ana kashe abin turawar. Ta ce, "Abin da ake kashewa ai ana kunnawa. Ta Rabi ba ta gulma." Na ji haushi, amma wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu.

Da Yaya na nan me za ta ce? Na san ta sarai. Za ta ce kyamara lafiyarta ƙalau, hannuna ne ke rawa, ta ƙara da cewa da tsohuwar zuma ake magani. Haba Yaya, zuma ai ba ta cin batir!

Abin da ya tsaya min a rai shi ne, bayan Sallah za a aurar da Sumayya, autar Yaya. In na ɗauki tsohuwar, tana iya mutuwa a bar marainiya ba hoto. In na ɗauki sabuwar, hoton mayafai zan kawo mata. Gaba kura, baya sayaki.

Na je na zazzage wa Sumayya duk wannan. Yarinyar da kullum in ka yi mata Hausa da Larabci take amsawa, ranar da Hausa ta amsa: "Inna, ki zo da ta Umma. Ko ba ta ɗauki komai ba, a rataye ta a wuyanki. Ina so wani abu nata ya zo bikina."

Na mayar wa mai shago kayansa, na sayo sabon salatif. Amanar da Yaya ta bari ita ke buɗe min ƙofofi har yau, ni ban isa in sabunta ta ba. Kin sake cin nasara, Yaya, kamar kullum. Allah Ya kai haske kabarinki.