Kururuwar da ta riga hoto

Wata Asabar bayan La'asar, a gidanmu na Unguwar Rimi, na saka mana, ni da gwaggona, faifan fim ɗin wani makashi mai adda. Hoton dishi-dishi, jinin kamar manja, sauti kuma yana riga hoto zuwa da daƙiƙa tara. Sabon aikin da na samu a gidan rediyo ne ya sa na ƙirga.

Sai muka ji kururuwar wata mata, alhali a hoto tana wanke kwanuka tana murmushi. Gwaggona ta yi salati, ta fizge wayar talabijin daga bango.

"Gwaggo, saura kaɗan fa."

"Kul ka kunna! Muddin ba mu gani ba, baiwar Allah tana nan da ranta."

Na cire faifan. Ban sake saka shi ba.